Kasarun Malam Badamasi

Duk mazaunin bakin ruwan Zobe yana gane jirgin Malam Badamasi tun daga nesa, domin shi kaɗai ne kwale-kwale mai rumfa. Wani tsohon tampol ne shuɗi aka ɗaure a kan gwangwala, a ƙarƙashinsa tabarma da buta da kurfoti da akwatin ƙarfe na littattafai. Nan Malam yake kwana, nan yake dafa shayinsa, nan yake shanya rigarsa. Kowa kuma ya san ba ya cika kwana huɗu a tunga ɗaya. Kafin ranar ta zo za a ga ya kwance igiya, da kaya ko babu kaya, ya bi gaɓa ya nufi tungar masunta ta gaba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar da 'yan bindiga suka tashi Gidan Mahmuda, ƙauyensu da ke can bayan Ɗantutture, Malam yake kasaru. Azahar raka'a biyu, La'asar biyu, Isha biyu. Ya ce shi matafiyi ne, bai iso ko'ina ba, gida zai koma. Matafiyi kuwa da zarar ya yi niyyar kwana huɗu a wuri ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Shi ya sa Malam ba ya bari niyyar ta same shi. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, yana kan ruwa.

Muhsina, 'yarsa ta biyu, wadda ke karatu a jami'a a Dutsin-Ma, ta sauka daga babur a Tungar Sodangi da hantsi, bakinta cike da maganar da ta kwana biyu tana shiryawa. Azumi mai suyar kifi ce ta fara hango ta daga bakin kaskonta.

"A'a, 'yar boko! An zo duba matafiyi?"

"Inna Azumi, ina kwana?"

"Lahiya lau. Ki yi sauri, shina can shina kwance igiya. Ubanki in ya ga mun fara sabawa da shi sai ya gudu, kamar mun ce zai aure mu."

Matan da ke fere kifi suka kwashe da dariya. Muhsina ta yi murmushin da bai kai ciki ba, ta wuce gindin giginya inda Sodangi, sarkin ruwan tungar, ke zaune yana ɗinkin taru. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai ja zance ba, ya ɗaga hannu ya nuna mata gaɓa. Ruwa ya ja baya kamar yadda yake yi bayan kaka, ya bar ƙasa baƙa mai laushi, wadda ko tsinke aka soka zai yi ganye. An riga an raba mafi yawanta, turaku sun jeru, wasu har sun fara jan kunya. Fili ɗaya ne a tsakiya babu kowa.

"Wancan na Malam ne," in ji Sodangi. "Da wurin ɗaki a saman tudun. Na riƙe mashi bara, na riƙe mashi bara waccan. Bana masu gudun hijira sun yi yawa, ɗiyata, kullum da mai zuwa da iyali a bayanshi. Gobe in an sakko Juma'a zan raba abin da ya rage. In ba turkenshi a wurin, wani zan ba."

"Baba Sarki, ni ba zan iya kafawa ba?"

"Nan ba haka muke yi ba. Maigida ke kafa turke da hannunshi, mutane na gani. In ba haka ba gobe rigima ce."

Ta miƙe zuciyarta na tafasa. Mahaifiyarta na can Dutsin-Ma a ɗaki ɗaya a gidan Kawu Munzali, tana kwana kusa da buhunan da aka gudo da su. Tukwanenta na ciki, da kwanukan aurenta, da labulen da ta ɗinka da hannunta, ba a kwance ba, domin Malam ya ce matafiyi ba ya baza kaya. Da tukunyar aro take girki. Duk wanda ya leƙo sai ya ce sai haƙuri, mahaifiyar ma ta ce sai haƙuri. Muhsina ta tsani kalmar nan kamar ciwon haƙori. Da ita aka rufe bakin ƙauye guda. Masu manyan riguna sun zo sun faɗe ta a lasifika, an ɗauki hoto, an raba taliya, kowa ya shiga motarsa. Talaka ya karɓe ta ya lulluɓa, yana jira. Me ake jira, wa ake jira, babu mai tambaya.

Ta iske mahaifinta tsaye a ruwa iya gwiwa, ya naɗe wando, yana gyara zaman buhun gishiri a tsakiyar jirgi. Ya rame, ya yi baƙi, gemunsa ya ƙara fari. Da ya gan ta sai fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya, har ta ajiye maganar da ta shiryo tukuna.

"Muhsina! Ke ce da rana tsaka? Ya innarku? Ya karatu?"

"Lafiya lau, Baba. Tana gaishe ka. Zan bi ka yau."

"To shigo da ƙafar dama, ki zauna tsakiya. Ga ma'aikacinki nan." Ya miƙa mata yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa. "Jirgin na yoyo kaɗan, amma yoyon mutunci ne, ba ya wuce iyaka."

Ya tokare da gora, jirgin ya rabu da laka. Da suka fita daga cikin ciyawar kachala sai ya ajiye gorar ya ɗauki filafili. Ta zuba wa hannuwansa ido. Hannuwan da ta sani da tawada a yatsu, masu fere alƙalamin kara a zaure ɗalibai na kewaye da shi, yanzu sun yi kanta, tafin ya tsattsage. Amma sun iya. Ta tuna an ce farkon zuwansa, da Sodangi ya ba shi tsohon jirgin, yini ya yi yana kewaya wuri ɗaya masunta na kwance a ƙasa don dariya. Yanzu filafilin na shiga ruwa ba ƙara.

Ba ya ratsa tsakiya, gaɓa yake bi. Suka wuce mata masu wanki a kan duwatsu, suka wuce shanu sun jeru suna sha, balbelu a bayansu. Injinan ban ruwa na ta bugawa nan da can, bututu ya miƙe zuwa gonakin albasa. Ko'ina aka hango rumfar sai a ɗaga hannu. A wani lungu ya sauke gishirin ga masu banda, suka ɗora masa kwandon busasshen tarwaɗa ya kai wa wani a gaba. A wani kuma aka fito da jinjiri ya yi masa addu'a, bai ko sauka ba, uban ya shigo ruwa ya miƙo shi. Suka ba shi kifin karfasa biyu a tsire da ciyawa, ya rataye a jikin rumfa.

"Kin ga wancan lungun mai itacen marke?" in ji shi. "Bayan Masallaci nake ce mashi. Na gaba kau Rijiyar Mata, saboda surutu, nan ake wanki. In mun wuce dutsen can sai mu shiga Gonar Ummaru."

Duk sunayen wurare ne a Gidan Mahmuda. Muhsina ta sunkuya tana kwarfe ruwan da bai taru ba. Ta zo da faɗa, ga shi yana jera mata ƙauyen a kan ruwa, lungu bayan lungu, har ta ji ƙamshin gero sabon sussuka a bayan masallacin, ta ji ƙarar guga a rijiyar, da muryar ƙawarta Mas'uda wadda yanzu ba ta ma san garin da take ba. Ta ture tunanin. In ta bari ya cinye ta, gobe an ba wani filin.

"Baba, Sarkin Ruwa ya ce gobe zai raba."

"Ya gaya mani."

"To?"

"To Allah Ya sa wanda ya samu ya amfana."

"Haba Baba! Inna fa? Har yaushe za ta zauna a ɗakin mutane tana aron tukunya, nata na ɗaure a buhu? Matar Kawu ba ta ce komai ba, amma yaranta sun girma, ɗakin suke kallo. Ga ƙasa an ba ka, ga wurin gini, mutane na roƙon rabinsa ba su samu ba. Kai kana kewaya ruwa kamar wanda ya yar da wani abu a ciki."

"Na yar ɗin," ya ce, bai daina tuƙi ba.

"Ba a ruwa ka yar ba. Kuma ba wanda zai zo ya ce mana ku koma. Waɗanda ya kamata su tsare mu sun manta da sunan garin ma. Jira ba aiki ba ne, Baba. Kuma kasarun nan..." Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙarasa. "Tafiyar kasaru tana da nisanta sananne. Daga nan zuwa Gidan Mahmuda bai kai ba. Mai babur in ya tashi da safe, kafin rana ta yi zafi ya isa."

Malam ya ɗaga filafili daga ruwa, ya dube ta, idonsa na dariya.

"A jami'ar aka koya maki wannan?"

"Kai ka koya mini. Kana karantar da manya a zaure, ina bayan asabari."

"Ashe ɓarauniyar karatu na haifa." Ya yi dariya sosai, sannan dariyar ta sauka. "To kira mai babur ɗin ya kai ki."

Ta ci gaba da kwarfe ruwa.

"Kira shi mana. Ki ce Gidan Mahmuda, ki ji mi zai ce maki. Malamai sun auna hanyar da ake bi, Muhsina. Wadda ba mai iya bi, ban san wanda ya auna ta ba." Ya mayar da filafili. "Mas'ud na Kano shina tura kurar ruwa. Ummaru na Katsina shina gadi. Siddiq ya tahi Maraɗi wurin dangin matarshi. Duk 'yan garinmu ne, duk sun cika salla, ban ga laihinsu ba. Amma garin da mutanenshi duka suka zauna wani wuri, sunanshi kufai. In ni ma na tsaya gaban Ubangiji na yi huɗu, na shaida mashi na zauna. Wa ya rage ke nan?"

Tana da amsa. Tana da amsoshi da yawa, masu kyau, waɗanda in a aji ne da an tafa mata. Sai dai duk sun yi wa wurin ƙanƙanta.

Rana ta karkata suka isa wani faffaɗan dutse da ya fito daga ruwa kamar bayan kunkuru. Nan Malam ya saba yin Azahar. Ba ya son jam'in tunga, domin matafiyin da ya bi mazauni dole ya cika tare da shi. In kuwa masunta suka iske shi a dutsen suka sa shi gaba, yana sallamewa sai ya juyo ya ce, "Ku cika, ni matahiyi ne," su miƙe su kawo sauran. Bai taɓa faɗa wa Muhsina haka ba. Duk zuwan da take yi, tare suke sallamewa, domin ita ma 'yar Gidan Mahmuda ce, ita ma ba ta iso ba.

Suka yi alwala a bakin dutsen. Ya shimfiɗa tabarma ya tsaya, ta shimfiɗa ɗankwali a bayansa. Dutsen na da ɗumi a tafin ƙafa. Ruwa na lasar gefensa a hankali, jirgin na gogar igiya.

Ba ta shirya abin da ya faru ba. Tun da ya yi kabbara ta nemi niyyar matafiyi a zuciyarta kamar kullum, ta rasa. Abin da ta iske shi ne gadonta na makaranta, da layin famfon da ta san kowa a cikinsa, da mai shayin da ke kiranta da suna, da jarrabawar da ke gaba. Ta riga ta zauna, tun tuni, ba ta dai faɗa ba. Ba za ta iya tsayawa gaban Allah ta ce ba haka ba ne. Da ya zauna tahiya ya yi sallama, sai ta dafa dutsen ta miƙe.

Bai juyo ba. Amma ta ga kafaɗunsa sun ji motsin hijabinta, sun tsaya cak. Ta karanta Fatiha tana kallon wurin sujada, ƙeyarsa na gefen idonta, da tsohuwar hularsa da rana ta cinye wa launi. Hawaye ya zubo mata har cikin baki. Ba ta taɓa yin raka'a biyu masu tsawo kamar waɗannan ba. Ta yi sallama ta zauna, ta kasa ɗaga kai.

Wani tsuntsu ya faɗa ruwa ya fito da ɗan kifi.

"Da kin bari na faɗa," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa, har yanzu bai juyo ba. "Liman ke cewa a cika."

"Ka yi haƙuri, Baba." Kalmar da ta tsana ce ta fito mata, ba ta sami wata ba.

"Ba ki yi laihi ba. Sallarki ta yi." Ya ja carbi kaɗan ya tsaya. "Innarku fa?"

Ta so ta ce ba ta sani ba.

"Tana cikawa."

"Tun yaushe?"

"Tun daminar farko. In ka zo kwana, sai ta bari ka fita tukuna, ta tura ƙofa."

Nan ne ya juyo. Ta zaci za ta ga fushi, ko ɓacin rai, sai ta ga fuskar mutumin da ya yi ta magana a ɗaki yana zaton ana saurarensa, ya waiga ya ga shi kaɗai ne.

"Tana ɓoye mani salla," ya ce. Ba tambaya ba ce. "Matar da na karantar da kaina."

Ya naɗe tabarma. Da suka shiga jirgi ta ɗauka gaba za su yi, ga kwandon bandar mutane ba a kai ba, sai ta ga ya juya hancin jirgin baya. Sun wuce lungunan nan ɗaya bayan ɗaya bai kira sunan ko ɗaya ba, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Wajen itacen marke ya matsa gaɓa, ya ciro adda daga ƙarƙashin tabarma, ya sari reshe mai kauri, ya zauna ya fere bakinsa yadda yake fere alƙalami, a natse, yana juyawa yana dubawa. Muhsina ta kau da kai. Abin da ta zo nema ke nan, ga shi ana fere mata shi, amma ba ta ji daɗinsa ba.

Azumi ce ta fara ganinsu. "Jama'a, ku fito ku ga abin mamaki! Matafiyi ya dawo rana ɗaya!"

Sodangi ya ajiye taru ya taso, mutane suka biyo shi. Malam ya ratsa lakar da turke a hannu, ƙafarsa na nutsewa, har tsakiyar filin. Ya nemi dutse, ya yi bisimilla, ya buga. Ƙasar ta karɓa ba gardama. Ya buga har turken ya tsaya da kansa, sannan ya miƙe ya share hannu a riga.

"Sarki, ku shaida. Wannan na innar yaran nan ne da ɗiyanta. Su noma, su yi ɗaki a tudun. Ni in na biyo su ba ni ruwa in sha."

"Malam, kai dai ba ka rabo da kewaye-kewaye," in ji Sodangi yana murmushi. "Ni na ga hannunka a kan turke, shi ke nan wurina. Sauran tsakaninka da littattafanka."

"Allah Ya sa albarka," mutane suka ce. Azumi ta rangaɗa guɗa, ta ce ita za ta fara cin albasar.

Malam ya juyo ga 'yarsa. "Ki ce ma innarku ta kwance kayanta. Ki ce ta bar tura ƙofa."

"Baba, ka zo ka faɗa mata da kanka. Ko kwana biyu ne."

"Bandar mutane na jirgi."

Ladanin tungar ya fara gyaran murya a bakin rumfar masallaci, La'asar ta yi. Malam ya ji. Ya dubi masu nufar alwala, ya dubi ruwa. Muhsina ta bi mahaifinta har gaɓa, ta riƙe masa hancin jirgi ya shiga. Ya kwance karfasan nan biyu daga jikin rumfa ya miƙa mata.

"Ki kai mata. Tana son kan."

Ya tokare. Ta tsaya a ruwa iya idon sawu, kifi a hannu, tana kallon shuɗin tampol na ƙanƙancewa a gefen kachala. Ta samu filin. Gobe Inna za ta fito da tukwanenta ta wanke. Amma da za a ce mata yanzu ta kira shi ya dawo ya shiga sahu ya cika, ba ta san ko za ta kira ba. Muddin rumfar can na yawo, akwai mutum ɗaya a duniya da ke kan hanyar Gidan Mahmuda.

Bayan an idar da salla Sodangi ya hau tudun da ita don ya nuna mata iyakar wurin ɗaki. Ya ja layi da sandarsa a ƙasa, ya kewaye, sannan ya ɗan tsaya a gefen da ke kallon gonaki.

"Ƙofa nan za ta kasance. Mu nan baya muke ba ruwa, saboda iska da sauro."

Muhsina ta taka zuwa ɗaya gefen, inda ake hango gaɓa har kwanar da jirgin ya ɓace. Ta goge layin da ƙafarta, faɗin shigar mutum.

"Nan za a yi ta, Baba Sarki."

"Za ku sha sauro, ɗiyata."

"Za mu sa labule. Inna na da shi."